Suna Linzami, Hali Zanen Dutse

Kwanan baya wani ɗan littafi ya faɗo hannunmu, irin waɗanda 'yan makaranta kan yi ta ba juna aro har bango ya rabu da ciki. Babu sunan wanda ya wallafa shi, babu na wurin da aka buga. An raba kowane shafi gida uku: a gidan fari suna daga cikin Littafi Mai Tsarki, a na biyu ma'anarsa, a na uku kuma halin da wai duk mai wannan suna zai tashi da shi. Ishaku an ce dariya, saboda haka mai fara'a ne. Sulemanu an ce salama, saboda haka ba ya faɗa. Da aka zo kan Yakubu sai aka ce mai zamba, a yi hankali da shi. Mun kuwa san yadda irin wannan magana ta ke bin ɗakin kwanan makaranta kamar wutar daji. Da zarar alƙalamin wani ya ɓace sai idanu su koma kan yaron da a ke kira Yakubu, shi ko bai san hawa ba bai san sauka ba, iyakar laifinsa ragon da ubansa ya yanka ran suna.

Don haka muka ga ya kamata mu buɗe babban littafin da aka ce daga cikinsa aka ɗebo waɗannan ma'anoni, mu ga ko haka masu rubuta shi suka yi da sunaye. Amma tun da fari bari mu faɗi iyakar gonarmu. Labarun nan za mu bi su ne yadda su ke cikin Littafi Mai Tsarki. Musulmi sun san da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah da annabci, kuma ba duk abin da ke cikin surorin nan suka karɓa ba. Mu dai gwanintar masu ba da labarin mu ke dubawa, hukuncin addini kuwa yana da masu shi.

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai 'yan wurare kaɗan da Aramanci, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa sun daɗe suna fama da shi. Mai juya magana daga wani harshe zuwa wani yana iya juya kusan kome, amma in ya zo kan suna sai hannunsa ya ɗaure, tilas ya bar shi yadda ya same shi. A ce Bature ya karanta labarin da aka fassara masa daga Hausa, ya ga Tanko ya auri Talatu, Gambo ne babban aboki. Shi sunaye uku kaɗai ya gani. Mu kuwa mun riga mun san ango mata ya bi a ɗakinsu, amarya ran Talata aka haife ta, abokin ango kuma tagwaye ya biyo. In an ce Ajuji, mun san uwar ta sha binne 'ya'ya kafin wannan ya tsaya. Haka Ba'ibrane ya ke jin sunayen littafinsa, haka kuma mu mu ke tsaye gabansu kamar Baturen nan. Ku riƙe wani abu kuma tun yanzu: Tanko da Gambo da Ajuji, ba wanda ya faɗi halin mai shi. Labarin gidan su ke bayarwa, yadda yaro ya tarad da shi.

Sa'ar da muka yi ita ce kunnen Bahaushe bai kurumce sarai ga Ibrananci ba, gama Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, Hausa kuwa ta ari kalmomi masu yawa daga Larabci. Wanda ya san salama ya ji rabin sunan Absalom. Wanda ya san zikiri ya ji Zakariya, watau Ubangiji ya tuna. Ibada tana cikin Obadiya, bawan Ubangiji, albarka tana cikin Baruk, ni'ima tana cikin Na'omi. Isma'ila kuwa, watau Allah yana ji, saiwarsa ɗaya da Sami'u. Ɗan makarantar Ingila sai ya buɗe ƙamus kafin ya sami waɗannan, ku kuwa a bakin kakanninku kuka tsince su.

To, bari mu fara da Ishaku. Gaskiya ne sunansa daga dariya ya fito, amma dariyar wa? A Littafin Farawa, sura 17, Ibrahim ne ya yi ta, da aka yi masa albishir da ɗa, ya tuna shi ya kama shekara 100, matarsa 90. A sura 18 Saratu ce ta yi ta a ranta, tana laɓe bayan ƙofar alfarwa, da aka tambaye ta kuma ta musa don tsoro. A sura 21, bayan ta haihu, ta sake yin ta, wannan karon ta murna, har tana cewa duk wanda ya ji zai taya ta. Dariya uku ke nan, ta mamaki da ta shakka da ta farin ciki, ba ko ɗaya da ta fito daga bakin mai sunan. Shi Ishaku mutum ne mai shiru. Makiyayan Gerar suka yi ta ƙwace masa rijiyoyi, kowace ya bar musu ya matsa gaba ya haƙa wata. Ya tsufa ya makance, aka yaudare shi a kan shimfiɗarsa. Wuri ɗaya kaɗai mai labari ya jingina masa kalmar, a sura 26, inda sarkin Gerar ya leƙa ta taga ya gan shi yana wasa da Rifkatu. Wanda ya rubuta “mai fara'a” a gida na uku, da ƙyar in ya karanta surorin nan.

Sunayen jikokinsa sun fi wannan bayyana. Kowa ya san labarin Daura, yadda Bagwariya ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, ita kuma Daurama da ta sami nata ta sa masa Bawo, watau a mayar da abin da aka karɓa. Mata biyu ne ke habaici da bakin jarirai. Haka nan Lai'atu da Rahila a surori 29 da 30. Lai'atu, wadda miji bai so ba, ta sa wa ɗanta na uku Lawi, tana sa rai yanzu mijin zai manne mata. Rahila ta sa wa ɗan kuyangarta Naftali, don wai ta yi kokawa da yayarta ta kayar. Da ta haifi na cikinta ta ce Yusufu, watau a ƙara, tana roƙon wani. Da ƙarin ya zo kuwa da ranta ya zo. Tana fitar numfashi ta kira shi Ben-oni, ɗan baƙin cikina, uban ya ƙi bari yaro ya ɗauki mutuwar uwarsa a ka, ya mai da shi Biliyaminu, ɗan hannun dama. Duk wanda ya nemi halin yaran nan cikin sunayensu, zuciyar iyayensu mata zai tarar.

Yanzu sai Yakubu, wanda saboda shi muka ɗauki alƙalami. A nan mai ɗan littafin yana da abin kamawa, ba mu ƙi ba. Da Ibrananci dunduniya ita ce akeb, an kuwa ce yaron ya fito yana riƙe da dunduniyar ɗan'uwansa Isuwa, sai aka sa masa Ya'akob. Daga wannan kalma kuma aka sami wata mai nufin a bi mutum ta baya a kayar da shi. Abin ban sha'awa, mu ma haka mu ke cewa, cin dunduniya. Amma ku duba wa ya fara juya sunan zuwa zagi. Ba ran suna aka yi ba. Isuwa ne ya yi, a sura 27, yana kuka mai zafi, bayan ya komo daga farauta ya tarar an riga shi karɓar albarkar uba. A cikin fushi ya ce lalle sunan ya dace da mai shi, tun da sau biyu ke nan ya ci dunduniyarsa. Maganar wanda aka cuta ce, muna kuwa jin tausayinsa. Amma maganar mai fushi ba ƙamus ba ce. Masu tonon kufai sun sami wannan suna a dogon siffarsa, Ya'akub-El, rubuce a allunan yumɓu na ƙasashen Dajla da Furatu, tun fiye da shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu, yawancin masana kuma suna fassara shi da Allah ya tsare. Watau suna ne na addu'a, wanda iyaye da yawa suka sa wa 'ya'yansu.

Abin da mai labari ya yi da zagin Isuwa shi ne gwanintar da ɗan littafin nan ya ɓoye muku. Bai ce ga mai zamba ya rufe baki ba. Sai ya ɗauki Yakubu ya kai shi gidan Laban, wanda ya fi shi iya allonsa. Wanda ya shiga wurin makahon uba a matsayin wansa, ga shi cikin duhun dare an kawo masa yayar a matsayin ƙanwar, da ya yi ƙara kuma aka tuna masa a garin nan ba a sa ƙarami gaban babba. Shekara 20 ya yi yana kiwo. Can gaba ma, wanda ya ruɗi ubansa da rigar ɗan'uwa da fatar akuya, 'ya'yansa suka ruɗe shi da rigar ɗan'uwa da jinin akuya. Mai labari bai tsaya ya nuna muku wannan da yatsa ba, ya ajiye shi ne kurum ga mai ido.

Sa'an nan ga daren rafin Yabbok, wanda yau a ke kira Zarƙa a ƙasar Urdun. Ba'ibrane in ya karanta wannan wuri a sura 32 zai ji sauti uku suna bugun juna: Ya'akob mutumin, Yabbok rafin, da ye'abek, watau ya yi kokawa. A Hausa ba ma jin kome. Gab da asuba abokin kokawar ya tambaye shi sunansa. Ku tuna an taɓa yi masa irin wannan tambaya a ɗakin ubansa, ya amsa da sunan wansa. Wannan karon ya amsa da nasa, da duk abin da aka rataya wa sunan, sai bayan haka aka ba shi sabo, Isra'ila, ya tashi yana ɗingishi. Da gari ya waye ya tari Isuwa da mutanensa 400, ya riga ya aika masa da dabbobi fiye da 500, da ya zo roƙonsa ya karɓa kuwa, kalmar da ya kira kyautar da ita a Ibrananci ita ce albarka, abin nan da ya ɗauke tun fari. Akwai kuma wani abu da mu ke ganin ya fi duka. Abram tun da aka mai da shi Ibrahim a sura 17, Littafin Farawa bai sake kiransa da tsohon suna ba. Yakubu kuwa har ya mutu a Masar ana kiransa da duka biyun, yau wannan gobe wancan, wani lokaci ma cikin aya ɗaya. A ganinmu mai labarin ya san mutum ba ya tuɓe kansa kamar riga, ya kuma san ba a ɗaure shi da igiyar da aka saƙa ran haihuwarsa.

Kada kuma ku ɗauka duk fassarar suna da ke cikin littafin nazarin asalin kalma ce irin ta malaman harshe. Sau da yawa wasa ne da sauti, irin wanda maroƙa ke yi da sunan ubangidansu. A Littafin Fitowa, sura 2, an ce 'yar Fir'auna ta sa wa yaro Musa don ta tsamo shi daga ruwa, tsamowa kuwa da Ibrananci ita ce masha. Amma ita Bamasariya ce. Tun da Champollion, mutumin Faransa, ya gano karatun rubutun Masar ta dā a 1822, aka san akwai kalmar Masaranci mai wannan sauti, mai nufin haihuwa, wadda ke cikin sunayen sarakuna irin Ramsis da Tutmosis, masana da yawa kuma suna ganin daga nan sunan ya fito. Wannan bai rage wa labarin kome ba. Kunnen Ibraniyawa ya ji baƙon suna, ya sama masa gida cikin harshensu, kamar yadda namu ya yi da Bayajida.

Inda ɗan littafin ya faɗi warwas kuwa shi ne wurin sunayen da suka saɓa wa masu su. Absalom, ubana salama ne. Shi ne ya sa aka kashe wansa Amnon a wurin biki, ya kori ubansa Dawuda daga Urushalima ba takalmi, ya ƙare a rataye jikin itace. Sulemanu ma da aka ce ba ya faɗa, ku karanta sura 2 ta Littafin Sarakuna na Fari ku ƙirga waɗanda aka kashe kafin gadonsa ya zauna. 'Ya'yan Sama'ila biyu, Yowel da Abaija, dukansu da sunan Ubangiji a cikin sunayensu, su ne suka ci hanci har jama'a suka ce a naɗa musu sarki. A Ayyukan Manzanni akwai Hananiya har uku, ma'anar kuwa ɗaya, Ubangiji ya yi alheri: na sura 5 ya ɓoye kuɗin gona ya yi ƙarya, na sura 9 ya tafi ya ɗora wa maƙiyinsa hannu ya kira shi ɗan'uwa, na sura 23 babban firist ne da ya sa a bugi bakin wanda ba a riga an yanke wa hukunci ba. Muna so mu ga abin da za a rubuta musu a gida na uku.

Mutum ɗaya ne za mu bar wa mai ɗan littafin ba gardama, shi ne Nabal, a Littafin Sama'ila na Fari, sura 25. Attajiri ne mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, ya wulakanta manzannin Dawuda ran sausayar tumaki, har Dawuda ya taso da mutum 400 da takuba. Matarsa Abigel ta tare su a hanya da kaya, ta ce kada a kula da mijinta, sunansa wawa, wauta kuwa ita ce halinsa. Amma ko a nan sai a tsaya. Wace uwa ce za ta dubi jaririnta ta ce Wawa? Ko dai lakabi ne da ya cinye sunan yanka, abin da kowane ɗan makaranta ya sani, ko kuwa, yadda waɗansu masana suka ce, asalinsa daga wata saiwa ce dabam, 'yar'uwar Nabil na Larabci, mai daraja. Kuma mai maganar mace ce da ke neman tsare gidanta daga takobi, duk abin da zai sanyaya zuciyar Dawuda shi za ta faɗa.

In kuna son ganin inda wannan gwaninta ta kai matuƙa, sai ku karanta Littafin Rut. Sura 4 ne kacal, aya 85, ba zai ci muku hutun rana ɗaya ba. Tun daga ayar fari an yi yunwa a Baitalami, ma'anar sunan garin kuwa gidan abinci. Na'omi, mai ni'ima, ta tafi Mowab da miji da 'ya'ya biyu, Malon da Kiliyon, waɗanda sautin sunayensu ke kama da cuta da ƙarewa, kamar mai labari yana gaya mana kada mu shaƙu da su. Ta komo ba ko ɗaya. Da matan gari suka tarye ta sai ta ce a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara, mai ɗaci, 'yar'uwar kalmar nan mur da a ke turare da shi. Ga mace ta sake wa kanta suna don ya dace da abin da ya same ta, daidai yadda mai ɗan littafinmu zai so. To, me mai labari ya yi? Bai yi mata musu ba, bai kuma bi ta ba. A aya ta gaba ya ce Na'omi, haka har ƙarshen littafin, ba wanda ya kira ta Mara ko sau ɗaya. Tana cewa ta komo hannu wofi, ga Rut tsaye a gefenta, ga kuma kakar sha'ir ta kama.

Sai mutumin sura 4. A al'adarsu, in namiji ya mutu ba ɗa, wani na kusa da shi kan fanshi gonarsa ya auri matar, don kada sunan mamacin ya ɓace daga gādonsa. Akwai wanda ya fi Bo'aza kusa. Bo'aza ya zauna a ƙofar gari, ya tara dattawa 10, ya kira mutumin. Da ya ji zancen gona ya ce ya saya. Da ya ji Rut tana cikin cinikin, ɗan da za a haifa kuma sunan Malon zai ɗauka, sai ya ja da baya, ya ce yana tsoron kada ya ɓata nasa gādon, ya tuɓe takalminsa ya miƙa. A littafin da kusan kowa ke da suna mai magana, har Orfa da ta juya tun a sura ta fari, wannan mutum an kira shi feloni almoni. Masu Larabci sun ji fulan a ciki. Da Hausa, wane. Bo'aza ɗan'uwansa ne, ba shakka ya san sunansa, mai labarin ne ya hana mu. Littafin ya rufe da jerin sunaye 10, daga Feresa zuwa Dawuda, shi kuwa wanda ya tsare gādonsa da kyau haka, har yau Wane ne.